Wa Kika Zo Gani, Inna?

Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, cikin shekarun da nake riƙe da bakin get a gidan yari na nan cikin birni, ranar da wata tsohuwa ta kusa sa ni in tuɓe kaki in kama hanyar gida. Ba zagina ta yi ba, ba kuma wani abin haram ta ɓoyo a cikin tuwo ba. Tambaya ɗaya na yi mata, wadda nake yi wa kowa, ta ƙi amsawa. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kuna yawan tambayata wane fursuna ne ya fi ba ni wahala, kuna jira in ambaci wani gawurtaccen ɗan fashi. To wanda ya fi ba ni wahala ba fursuna ba ne.

Bari in fara bayyana yadda ziyara take, saboda waɗanda ba su taɓa zuwa ba, Allah kuma kada ya kawo su. Mai ziyara zai tsaya a tagar get ya faɗi sunansa da unguwarsu, sannan ya faɗi cikakken sunan wanda ya zo gani, nasa da na mahaifinsa, daidai yadda kotu ta rubuta a waranti, wato takardar da aka kawo shi da ita. Mu rubuta a littafin ziyara, a aika ciki a kirawo shi. A caje mai ziyara, mace ta caje mace, in ya zo da abinci ya ɗanɗana a gabanmu. Minti goma sha biyar ake ba kowa. Ƙarfe huɗu ake rufe littafi, domin ƙarfe biyar ake ƙidayar fursunoni a kulle ɗakuna, kuma ko uban wa ya zo ba a ɗaga ƙidaya. In babu suna, babu abin da za a rubuta, babu kuma wanda za a kira.

A lokacin ina Sufeto. Sama da ni akwai Cif, babban gandiroban da tsaron gidan gaba ɗaya yake wuyansa, sai shugaban gida a samansa. A ƙarƙashina akwai Sani, wanda yake riƙe da littafi, da Malama Talatu mai cajin mata.

Akwai wani fursuna, Umaru Modu, da aka yanke wa shekara biyar saboda ya ji wa wani mummunan rauni a faɗan unguwa. Zai yi shekara talatin. Ba ya rigima, yana da karatu, har yana biya wa 'yan ɗakinsu allo. Fiye da shekara yana hannunmu ba wanda ya taɓa leƙo shi. Wata rana ina raka shi ɗakin shan magani sai ya ce mini, "Oga, wanda uwa ta yi wa baki, in ya mutu a nan ina makomarsa?" Ya ba ni labari cewa ranar da aka zo kama shi mahaifiyarsa ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Tafi, na sallama wa duniya kai." Da ya ga ba ta zo ba, ba ta kuma aiko ba, sai ya ƙudurce cewa maganar tana nan a kansa. Na ce masa ya tambayi liman, ni gandiroba ne. Haka na sallame shi, domin a ranar akwai mutum takwas a layin magani.

Ranar Litinin ta makon da tsohuwar ta zo takarda ta zo cewa gida ya cika, a rage. An ware sunayen waɗanda za a mayar wani gidan yari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, kuma za a tashi da su Laraba da safe. Sunan Umaru yana ciki. A ƙa'ida ba a gaya wa fursuna za a canza masa gida sai mota ta tsaya, balle 'yan uwansa, saboda kada a tare hanya. Don haka shi bai sani ba, kowa nasa ma bai sani ba.

Talatar kuwa tun safe raina a ɓace yake. Ba wuta, fanka a tsaye, layi har bakin titi. Na riga na yi cacar baki da wani da ya cusa layin waya a cikin burodi yana rantsuwa cewa haka aka sayar masa. Wajen ƙarfe uku da kwata sai ga tsohuwar ta iso taga, tana dafa bango, da mayafi mai ruwan toka da ɗan kwano a ƙulle cikin ɗankwali. Sani na ganinta ya ja tsaki ya tura mini littafin.

"Oga, ga tsohuwar nan mai 'yaron nan' ta dawo. Ni na gaji."

Na ce, "Sannu Inna. Sunanki?"

"Falmata. Daga Zaitawa."

"Wa kika zo gani?"

"Yaron nan."

"Wane yaro?"

"Yaron nan da aka kawo muku."

Na ce, "Inna, duk wanda yake bayan bangon nan kawo mana shi aka yi. Ba wanda ya zo da ƙafarsa. Sunansa nake so."

Ta sunkuyar da kai tana gyara ƙullin kwanonta. Can ta ce, "A gida Babba ake ce masa."

Na ce kotu ba ta san Babba ba. Na tambayi sunan mahaifinsa, ta ce, "Malam ne." Na ce wane Malam, ta ce, "Malam na gidanmu." Mutanen layi suka fara dariya, wani daga baya ya ɗaga murya cewa in ba ta san wanda ta zo nema ba ta ba mutane wuri. Ni kuma gumi yana bin bayana, sai na buga biro a kan littafi na ɗaga mata murya. Na ce, "Inna, ba wasa muka zo yi nan ba! Ko ki faɗi suna ko ki matsa!" Na faɗa muku yadda aka yi ne, ban ƙara ba, ban kuma rage don in wanke kaina ba.

Ba ta matsa ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Haba ɗan nan. Na fari ne fa."

Nan ne abin ya faɗo mini. Ɗan fari ne, uwa ba ta kama sunansa saboda kunya, mahaifinsa kuma mijinta ne, shi ma ba za ta kama nasa ba. Sunaye biyun da littafinmu yake nema, su ne daidai sunaye biyun da bakinta ba ya faɗa tun tana amarya. Na juya wajen Sani na tambaye shi sau nawa ta zo.

"Wannan ne na huɗu, Oga."

"Sau uku kana korar ta, ba ka taɓa tambayar dalili ba?"

"Oga, doka ta ce mai ziyara ya faɗi suna."

"Kai na nawa ne a ɗakinku?"

"Na shida."

Na ce, "Shi ya sa."

Na sa aka ba ta benci a gefe, Sani ya ci gaba da layi. Na tambaye ta ko babu wanda zai rako ta ya faɗi sunan a madadinta. Ta ce ƙannensa sun ce ya zubar musu da mutunci, ba za su tako nan ba, Malam kuma tun ranar da aka tafi da yaron bai sake ɗago maganarsa ba. "Na ce masa za ni unguwa, ya ce a dawo lafiya. Ya san inda za ni." Malama Talatu ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Inna, raɗa mini a kunne, ba wanda zai ji." Tsohuwa ta ce, "Ke ba za ki ji ba?" Na miƙa mata biro da takarda ko za ta rubuta da ajami, ta ce ita karatun sallah kawai ta sani.

Na aika ofishin rekod a duba ko akwai fursuna ɗan Zaitawa. Aka dawo aka ce babu ko ɗaya. Daga baya na gane cewa Umaru adireshin shagon wani abokinsa a Gwammaja ya bayar a kotu, don kada a ambaci gidan mahaifinsa. A lokacin dai ban san wa ake nema ba, ban kuma kawo shi a raina ba ko kaɗan. Agogo ya nuna uku da rabi ta wuce.

Sai na bi da ita ta hanyar da tsofaffinmu suke bi. Na ce, "Inna, sunan Annabi ne ko na Sahabi?"

"Sahabi."

"Wanne daga ciki?"

"Wanda ya biyo na farko."

Na ce alhamdu lillahi, Umaru ke nan. Amma Umaru a gidan yari, in ka tsaya a tsakar gida ka kira, sai an cika sahu. Na ce to na Malam fa, ta ba ni alama irin wannan. Ta ja mayafi ta ce, "Wannan kam a'a." Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, ta ce in yi haƙuri. Wallahi a wannan lokacin ji na yi kamar in ɗora hannu a ka in yi ihu. Ga mace ta tako sau huɗu da ciwon gwiwa, ga ɗanta a bayan bango ɗaya, abin da ya raba su kalma biyu ce, ita ba za ta faɗa ba, littafi kuma ba zai karɓa ba sai an faɗa.

Na tashi da kaina na nufi rekod. Mai kula da ofishin ya tafi alwala, ya bar ƙofa a buɗe. Babban kundin sunaye ba ya fita daga wannan ɗaki, kowane gandiroba ya san haka tun daga makarantar horo. Na sunkuce shi na fito da shi bakin get. Na zauna kusa da ita na ce zan karanto duk Umarun da ke ciki da sunayen iyayensu, in na zo kan nata ta ce shi ne.

"Ni ba zan amsa ba."

"To ta yaya zan sani, Inna?"

"Karanta dai."

Na fara karantawa ƙasa-ƙasa, ina bin shafi da yatsa. Umaru wane, Umaru wane. Tana zaune tana kallon ƙasa, ko motsi. Na wuce bakwai, na wuce takwas, na fara tunanin ko ma ba a nan aka kawo shi ba. Da na ce "Umaru Modu" sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta juya mini baya.

Nan take na tuna tambayar da ya yi mini a hanyar shan magani, na kuma tuna takardar ranar Litinin. Saura minti goma a rufe littafi. Na ce wa Sani ya rubuta, na aika a kirawo shi da gudu. Malama Talatu ta caje ta, ta buɗe kwanon, dambu ne da zogale, ta ɗanɗana. Ana cikin haka sai ga Cif ya ɓullo, idonsa ya sauka a kan kundin da ke cinyata.

"Sufeto, me wannan yake yi a nan?"

"Ranka ya daɗe, zan yi bayani."

"Za ka yi, a rubuce. Ƙarfe huɗu ka rufe mini get."

Ɗakin ziyara ɗan ƙarami ne, da kanta a tsakiya da ragar waya daga kanta zuwa rufi. Aka shigo da Umaru ta can ɓangaren. Yana ganinta ya zube a kan gwiwoyinsa, ya riƙe raga, ya ce "Iya." Ni na ɗauka wahalata ta ƙare, na ja baya zan tsaya bakin ƙofa kamar yadda aka saba. Ashe yanzu aka fara. Tsohuwa ta zauna a karkace, ta ba raga kafaɗa, ta fuskanci bango, ta yafito ni.

"Ɗan nan, tambaye shi yana sallah?"

Umaru ya ce, "Ina yi, Iya."

Ta ci gaba da kallon bango. Can ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Inna, ai kin ji. Ga shi nan, ko kamu uku babu tsakaninku."

"Kai nake tambaya."

Haka na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da suke jin numfashin juna. Na ce ya ce yana yi. Ta ce in tambaye shi ko ana ba su gidan sauro. Na tambaya, ya amsa, na maimaita. Ta ce in tambaye shi ƙafar nan da ya taɓa karyewa ko tana damunsa da sanyi. Ta ce in gaya masa an yi wa ƙanwarsa haihuwa, mace. Ta ce in gaya masa kada ya bar dambun ya kwana. Ni ina kaiwa ina kawowa, ina kallon agogo, ƙarfe huɗu ta wuce da minti biyar, ta wuce da goma. Shi kuma maganar da take cin sa ya kasa ɗago ta, sai hawaye. Cif ya leƙo sau biyu, na biyun agogon hannunsa kawai ya nuna mini.

Na san abin da su biyun ba su sani ba, kuma ba ni da ikon faɗa. Haushi ya ishe ni, na su da na dokar da na kaina. Na ce, "Inna, lokaci ya ƙare tuni. In akwai wata magana mai nauyi, yau ce ranarta. Kada ki bar ta sai wani zuwan."

Ta juyo ta dube ni sosai, ta daɗe. Na ga ta gane. Sai na ƙarasa abin da na fara, na ce, "Mutumin nan yana kwana yana tashi da cewa kin yi masa baki ranar da aka tafi da shi."

Ta ce, "Ni?"

Ta mayar da fuska bango, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Tambaye shi, wanda aka yi wa baki ne ake zuwa nema har sau huɗu ana korata? Gaya masa maganar ɓacin rai ce, ban kai ƙofar ɗakina ba sai da na yi istigfari. Gaya masa na yafe masa duniya da lahira. Allah ya yi masa albarka, ya tsare shi duk inda za a kai shi."

Na juya wajen raga kamar yadda na yi ta yi, na buɗe baki na ce, "Ta ce..." Umaru ya ɗaga hannu.

"Oga, bar wannan. Na ji da kunnena."

Ta miƙe da ƙyar, Malama Talatu ta kama ta suka fita. Har ta bar ɗakin ba ta dube shi ba. An yi ƙidaya a makare da minti ashirin a ranar, kuma duk gidan an san saboda wa. Washegari da safe mota ta zo aka tafi da su. Ban ƙara ganin Umaru ba, ita ma ban ƙara ganinta ba.

Takardar tuhuma ta same ni ranar Larabar kafin azahar, da laifi uku: fitar da kundi daga rekod, karanta wa baƙuwa sunayen fursunoni, da wuce lokacin ziyara. Na rubuta amsa shafi biyu, aka kai ni gaban shugaban gida, Cif yana tsaye a gefe. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya tsara littafin nan bai san matan garin nan ba ne?" Cif ya ce, "In da wani ne ya turo ta don ya gano ko abokin gabarsa yana hannunmu fa? Ka karanta masa suna tara a kyauta." Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ban ce ya zalunce ni ba. Aka sa mini gargaɗi a fayil, aka ɗauke ni daga get aka mayar da ni kicin, na yi wata huɗu ina gadin tukwanen gabza, abincin fursunoni. Na ba da shawara a rubuce cewa duk tsohuwar da ta tsaya a kan suna a haɗa ta da jami'in walwala ya bincika mata a cikin ofis. Aka ce za a duba. Har na yi ritaya ana dubawa.

Shi ya sa nake gaya muku da baki, tunda takarda ta ƙi. Dokokin gidan nan kowace da dalilinta, kada ku ɗauki kundi ku fita da shi don kun ji Sufeto Garba ya yi. Amma in mutum ya tsaya a tagarku ya kasa amsa tambaya mai sauƙi, kada ku fara da tsawa. Ku tambaye shi me ya hana. Mutanen da suke zuwa get ɗin nan ba su yi laifin komai ba, kunya ce take ɗawainiya da su tun daga gida, kuma yawancinsu ba su taɓa magana da mai kaki ba sai a ranar.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari ba gargaɗin ba ne, ba kuma kicin ba. Na yi wa Sani faɗa don bai gane ba, alhali shi na shida ne. Ni kuwa ɗan fari ne. Na girma a Gwammaja a gaban mace irin wannan, wadda har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, in tana nemana sai dai ta ce wa ƙannena, "Ku kira mini wancan." Amma da na sa kaki na zauna a bayan taga, sai da na buga wa uwar wani biro a kan littafi, na ce ko ta faɗi sunan ɗanta ko ta matsa.